Yadda Ake Kama Sawun Kira Lokacin da Manhaja ke Aiki

Tambayar da ta fi yawan zuwa min daga matasa masu rubuta manhaja a nan Maradi, har da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kusan guda ce: manhajar tana tafiya daidai a kwamfutata, amma a wurin mai kanti sai ta mutu ko ta daskare, ta yaya zan san inda ta tsaya? Amsar ita ce sawun kira, wato jerin layukan da ke nuna wace fonksiyon (wato guntun kod mai suna da ke yin wani aiki) ce ta kira wace, tun daga farkon manhaja har zuwa layin da abin ya faru. Python na sa masa kan magana da kalmar Traceback, Java kuma na jero shi da layuka masu farawa da at.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne cewa ana shirya kama sawu ne kafin matsala ta zo. In ka jira sai mai kanti ya kira ka daga Tessaoua yana cewa "abin nan ya ƙi", sawun ya riga ya ɓace, sai dai ka yi ta ƙiyasi.

1. Fara sanin wace irin matsala ce

Iri uku ne, kuma kowace da hanyar kama ta. Akwai manhajar da ke faɗuwa ta rufe kanta. Akwai wadda ba ta rufe ba amma ta daskare, danna nan danna can ba ta motsi. Akwai kuma wadda ke tafiya lafiya lau amma tana yin abin da ba a sa ta ba, kamar ta cire kaya daga sito sau biyu a ciniki ɗaya. Ka tambayi mai amfani da ita da kalmomi masu sauƙi: ta ɓace daga allo ne, ko tana nan tsaye? Wannan tambayar kaɗai tana rage maka rabin wahala.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Duk kayan da zan ambata kyauta ne: traceback da faulthandler suna cikin Python tun asali, py-spy ana sauke shi da pip, gdb da addr2line suna cikin rumbun kowace Linux, jstack da jcmd suna zuwa tare da JDK, wato kayan rubuta manhajar Java. Kuɗin da za ka kashe na forfen intanet ne da kebul na USB mai kyau.

Gargaɗi kan forfe: in abin da kake buƙata adb ne kawai, wato kayan da ke haɗa kwamfuta da wayar Android, kada ka sauke Android Studio gaba ɗaya, ya haura giga ɗaya. Ka sauke Platform-Tools shi kaɗai, ƴan megabait ne. Haka kuma a kwamfutar da aka sa JRE kawai, wato abin tayar da manhajar Java, ba za ka sami jstack ba, sai an sa JDK.

3. Ba sawun wurin kwana

Sawun da aka buga a allo kawai, da an rufe taga ko wuta ta ɗauke ya tafi. Dole ya shiga fayil. A ce ka rubuta wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya da Python, ga abin da za ka sa a saman fayil ɗin farko:

```
import logging, sys
from logging.handlers import RotatingFileHandler

h = RotatingFileHandler("kanti.log", maxBytes=1000000,
                        backupCount=5, encoding="utf-8")
logging.basicConfig(handlers=[h], level=logging.INFO,
    format="%(asctime)s %(threadName)s %(message)s")

def kama(iri, kuskure, sawu):
    logging.error("Ta fadi", exc_info=(iri, kuskure, sawu))

sys.excepthook = kama
logging.info("An tashi, siga 1.4")
```

Da wannan, duk kuskuren da ba wanda ya tare shi zai shiga kanti.log da ranarsa da lokacinsa, kuma fayilolin ba za su wuce kimanin megabait 6 gaba ɗaya ba, domin tsohon yana ba sabo wuri. Layin ƙarshe, mai rubuta lambar siga, kada ka raina shi. Sawu zai ce maka layi na 23, amma layi na 23 na wace siga? In ka gyara kod ɗin sau biyar tun bayan da ka kai masa, lambar layin ba ta da amfani sai ka san sigar da ke hannunsa.

Gargaɗi na farko: sys.excepthook ba ya kama kuskuren da ya faru a cikin wani zare (thread), wato aikin da ke tafiya a gefe a cikin manhaja. Tun daga Python 3.8 akwai threading.excepthook, shi ma sai ka saita shi. In kuma da Tkinter ka yi allon, kuskuren da ya taso daga danna maɓalli yana bi ta report_callback_exception ne, shi za ka maye gurbinsa.

Gargaɗi na biyu: in ka haɗa manhajar da PyInstaller ba tare da baƙar taga ba, ko kana tayar da ita da pythonw, babu inda print zai fito, sawu ma kan iya ɓacewa. Wannan ne dalilin da ya sa manhajoji da yawa ke ɓacewa shiru.

Ka kuma duba agogon kwamfutar mai kanti. Tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma baya, kuma log ɗinka zai rikice.

4. Kama sawu lokacin faɗuwa

Babban abin da ke kashe sawu shi ne hannun mai rubuta kod da kansa. Wannan rubutun na gan shi a manhajoji masu yawa:

```
try:
    rufe_ciniki()
except Exception as e:
    print("An sami matsala")
```

An tare kuskuren, an jefar da sawunsa, an bar mutum da "An sami matsala". Ko da ka buga e ɗin, saƙon kawai za ka samu, ba hanyar da aka bi ba. Abin da ya dace shi ne a cikin except ka rubuta `logging.exception("rufe ciniki ya gaza")`, shi zai haɗa saƙonka da cikakken sawu. In kana son sawun a matsayin rubutu don ka aika shi wani wuri, `traceback.format_exc()` zai ba ka.

Gargaɗi: logging.exception a cikin except kaɗai yake aiki. In ka kira shi a waje, abin da zai rubuta shi ne `NoneType: None`. Sannan in za ka canza kuskure zuwa wani iri naka, rubuta `raise KuskurenSito("...") from e` don asalin ya biyo shi.

A Java dokar ɗaya ce. Ka miƙa wa mai rubuta log abin da aka jefo gaba ɗayansa, `log.error("rufe ciniki ya gaza", e)`, ba `e.getMessage()` ba. Kuma in kana naɗe shi a cikin wani, sa shi a matsayin dalili: `new RuntimeException("...", e)`. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a sabar da ta daɗe tana aiki: idan kuskure kamar NullPointerException ya maimaitu sosai a wuri ɗaya, injin Java na iya daina haɗa masa sawu don ya yi sauri. Ka koma farkon log ɗin ka nemi na farko, ko ka tayar da sabar da `-XX:-OmitStackTraceInFastThrow`.

A PHP `$e->getTraceAsString()` ne, a Laravel kuma sawun na shiga storage/logs/laravel.log da kansa. A JavaScript `err.stack` ne, amma Chrome da Node suna yanke shi a layi 10. In abin da kake nema yana ƙasa da haka, sa `Error.stackTraceLimit = 50` a farkon manhaja.

Saura faɗuwar da Python ba ya gani, wato lokacin da wani ɗakin karatu (library, wato kod ɗin wasu da manhajarka ke amfani da shi) da aka rubuta da C, kamar na firinta ko na hoto, ya taka ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Nan babu except da zai tare komai, tsarin kwamfuta ne ke kashe manhajar nan take. Maganinsa faulthandler, wanda ke cikin Python tun siga 3.3:

```
import faulthandler
f = open("faduwa.log", "a")
faulthandler.enable(file=f)
```

Gargaɗi: kada ka rufe wannan fayil, kuma kada ka buɗe shi da with. Dole ya zauna a buɗe har ƙarshen rayuwar manhajar.

5. Manhajar da ta daskare

Nan ne sawun kira ya fi nuna darajarsa, kuma nan ne aka fi yin asararsa. Abin da kowa ke yi da manhaja ta daskare shi ne ya kashe ta ya sake kunnawa. Ka roƙi mai kanti tun ranar da ka kai masa aikin: "Alhaji, in ta tsaya, don Allah a bar ta haka a kira ni kafin a kashe." Manhajar da ta daskare tana riƙe da amsar a cikinta, da an kashe ta shi ke nan.

Da farko nemo lambar PID ɗinta, wato lambar da tsarin kwamfuta ke ba kowace manhajar da ke aiki. A Linux `pgrep -f kanti`, a Windows ta Task Manager, don Java kuma `jps`. A ce lambar 4312 ce.

Don Python: `py-spy dump --pid 4312`. Zai nuna maka kowane zare da layin da yake tsaye a kai, ba tare da ka taɓa kod ɗin ba kuma ba tare da an sake tayar da manhajar ba. In ka ƙara `--locals` har da abin da ke cikin ma'ajin bayanai (variables) na kowace fonksiyon zai fito.

Don Java: `jstack 4312 > sawu1.txt`, ko `jcmd 4312 Thread.print`. Ka nemi zaren da aka rubuta wa BLOCKED. Idan zare biyu ne suka riƙe wa juna makulli, kowa na jiran ɗan'uwansa ya saki, jstack zai faɗa maka ƙarara a ƙasan rahoton da layin `Found one Java-level deadlock`.

Don C ko C++: `gdb -p 4312 -batch -ex "thread apply all bt"`.

Kada ka ɗauki sawu ɗaya ka tashi. Ɗauki uku, da tazarar daƙiƙa 10 tsakaninsu, ka jera su. In zaren yana kan layi ɗaya a duka ukun, jira yake yi, galibi amsar rumbun bayanai, ko intanet da ta katse alhali ba a sa wa kiran iyakar lokaci ba. Da irin layin intanet ɗin da muke fama da shi a wasu unguwanni da ƙauyuka, wannan na biyun shi na fi zargi kafin komai. In kuma layukan ƙarshe suna canzawa amma fonksiyon ɗin da ke sama da su ɗaya ce, to zagaye ne da ba shi da mafita.

Gargaɗi: a Ubuntu, py-spy da gdb za su ƙi leƙa manhajar da ba su suka tayar ba sai ka sa sudo. gdb kuma yana tsayar da manhajar cik muddin yana manne da ita, don haka a sabar da mutane ke amfani da ita yi amfani da `-batch` yadda na rubuta, ya ɗauka ya saki.

Gargaɗi kan `kill -3`: a Java wannan umarni ba ya kashe komai, sawun duk zaruruwa kawai yake sa a buga, kuma yana fitowa ne a inda manhajar ke rubuta fitarwarta, ba a tagar da ka buga umarnin ba. Amma manhajar da aka rubuta da Go za ta buga sawun sannan ta mutu, wasu kuma mutuwa kawai za su yi. Ka tabbatar da abin da kake aika wa.

In wurin ya yi nisa, kamar Dakoro ko Mayahi, kuma ba ka da hanyar shiga kwamfutar daga nesa, bar manhajar ta kama kanta. Kafin aikin da kake zargi sa `faulthandler.dump_traceback_later(60, file=f)`, bayan ya ƙare sa `faulthandler.cancel_dump_traceback_later()`. In aikin ya wuce daƙiƙa 60 bai gama ba, sawun zai shiga fayil da kansa. Wannan yana aiki har a Windows, saɓanin `faulthandler.register` da ke Linux da macOS kawai.

6. Babu kuskure, amma wa ya kira wannan?

Komawa ga kayan da ake cirewa sau biyu. Ba abin da ya faɗi, don haka babu sawun da zai fito da kansa, kai za ka nema. A cikin fonksiyon ɗin da ke cire kayan sa `logging.info("cire kaya", stack_info=True)`. A JavaScript `console.trace()`, a PHP `debug_print_backtrace()`, a Java `new Throwable().printStackTrace()`. Yi ciniki ɗaya, buɗe log, za ka ga sawu biyu, kuma inda suka rabu nan ne kiran da ya yi yawa ya fito.

Gargaɗi: haɗa sawu aiki ne mai nauyi. Kada ka bar shi a cikin zagayen da ke juyawa sau dubbai. Sa masa sharaɗi, misali sai kaya sun koma ƙasa da sifili, kuma cire shi da ka gama.

7. C da C++ na buƙatar ƙarin shiri

In ka harhaɗa ba tare da `-g` ba, sawunka zai fito babu sunan fayil babu lambar layi. Lokacin bincike yi amfani da `gcc -g -O0`, domin `-O2` na narkar da ƙananan fonksiyon a cikin manya har su ɓace daga sawu. Tayar da manhajar a cikin gdb da `run`, in ta faɗi buga `bt`, sannan `frame 2` ko wata lamba don ka shiga matakin da kake so, da `info locals` don ganin abin da ke ciki.

In faɗuwar ba ta zuwa sai ba ka nan, buɗe hanyar ajiye hoton ƙwaƙwalwa da `ulimit -c unlimited`, daga baya ka buɗe shi da `gdb ./kanti core`. A tsarin da ke da systemd-coredump, `coredumpctl gdb` ya isa. Fayil ɗin na iya yin girma sosai, kuma duk sirrin da ke cikin manhajar a lokacin yana cikinsa.

Manhajar na iya buga sawunta da kanta da `backtrace()` na glibc, in ka haɗa da `-rdynamic` sunaye za su fito. Gargaɗi: a cikin mai tarbar sigina kamar SIGSEGV kada ka kira `backtrace_symbols`, yana neman ƙwaƙwalwa da malloc, kuma mai yiwuwa ita ce ta lalace. Yi amfani da `backtrace_symbols_fd`, kuma ka kira `backtrace()` sau ɗaya a farkon manhaja don ya loda abin da yake buƙata tun da lafiya. In ka sami layi irin `./kanti(+0x11c9)`, mayar da shi sunan fayil da lambar layi da `addr2line -f -C -e kanti 0x11c9`. Sai dai dole ya zama ainihin fayil ɗin da ya faɗi, mai alamun `-g`. Wanda ka sake harhaɗawa bayan gyara zai ba ka layin ƙarya.

8. Wayar Android

Shiga saitunan waya, danna lambar gini sau 7 don zaɓin masu haɓakawa ya buɗe, kunna binciken USB, haɗa da kwamfuta, amince da saƙon da zai fito a wayar. `adb devices` zai nuna ko ta shiga. Sa manhajar ta faɗi, sannan `adb logcat -b crash -d > sawu.txt`. Nemi layin `FATAL EXCEPTION`. In daskarewa ta yi har wayar ta ce ba ta amsawa, wanda ke faruwa idan babban zare ya yi daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, `adb bugreport` ne zai kwaso maka sawun.

Gargaɗi: wasu kebul masu arha caji kawai suke yi. In waya na caji amma adb bai gan ta ba, canza kebul kafin ka zargi komai.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: sigar da ka raba wa mutane, in R8, wato kayan rage girman manhajar Android, ya matse ta, sunayen za su koma a.b.c. Fayil ɗin mapping.txt da ke app/build/outputs/mapping/release ne kaɗai zai mayar da su ta hanyar retrace, kuma kowane sabon gini yana shafe tsohon. Kwafe shi ka ajiye da lambar siga duk ranar da ka fitar da APK.

9. Karanta abin da ka kama

Ga misali daga manhajar kantin nan:

```
Traceback (most recent call last):
  File "kanti.py", line 88, in <module>
    rufe_ciniki()
  File "kanti.py", line 61, in rufe_ciniki
    jimla = lissafa_riba(kaya)
  File "lissafi.py", line 23, in lissafa_riba
    kaso = riba / yawa
ZeroDivisionError: division by zero
```

Python daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ne irin kuskuren, na samansa inda ya faru. Java da JavaScript da gdb akasin haka ne, na sama shi ne na baya-bayan nan, amma a Java ka gangara ka nemi `Caused by:` na ƙarshe, can ne tushen yake. In layukan farko na ɗakin karatun wasu ne, tsallake su har ka iso layi na farko da ke cikin fayil ɗinka.

Inda manhaja ta faɗi ba lallai nan ne aka yi laifin ba. Kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓata ne, inda ka tarar da ita daban, inda shinge ya ɓalle daban. A misalin nan layi na 23 bai yi laifi ba da ya raba, tambayar ita ce me ya sa yawa ya zama sifili, kuma amsar tana sama, a rufe_ciniki, wataƙila ranar da ba a sayar da wani kaya ko ɗaya ba. Wanda ya naɗe layi na 23 da try ya yi shiru ya ɓoye ciwon ne, gobe ribar da za a nuna wa Alhaji ba daidai ba ce.

10. Karɓo sawu daga hannun mai amfani

Kada ka yarda da hoton allo da aka ɗauka da waya. Kusan kullum layin da kake buƙata shi ne wanda bai shiga hoton ba. Sa maɓalli a manhajar mai kwafe kanti.log zuwa kan tebur ɗin kwamfuta, ka nuna wa yaron kanti yadda zai turo shi ta WhatsApp a matsayin fayil, tare da lokacin da abin ya faru da abin da yake dannawa.

Gargaɗi: sawu naka ne, ba na baƙi ba. A shafin da ke kan intanet `display_errors` ya kasance a kashe, `APP_DEBUG=false` a Laravel, `DEBUG = False` a Django, in ba haka ba duk wanda ya jawo kuskure zai ga sunayen fayilolinka da tsarin rumbunka. Sawun PHP kuma yana iya ɗauke da abin da aka miƙa wa fonksiyon, har da kalmar sirri. Kunna `zend.exception_ignore_args`, wanda ya zo a PHP 7.4, ko ka yi wa wurin alama da `#[SensitiveParameter]` in kana kan 8.2 ko sama. Kafin ka tura wa wani sawu don neman taimako, karanta shi layi-layi ka goge lambobin waya, sunayen masu bashi da makullan shiga.